Ƙofa Biyu a Farar Gada

Shekara goma sha ɗaya ina kan bencin nan,
gwangwanin canji a cinya, butoci bakwai a gabana.
Fitsari hamsin, babba ɗari, wanka da ruwan zafi ɗari biyu.
A bayana ƙofa biyu:
ɗaya an zana mata hula, ɗaya ɗankwali.
Mai fentin ma da bashina ya gudu Bukur.

Ran Talata ruwa ya hana motocin tumatir lodi,
sai ga Tambai.
Ni da Tambai na san shi, ɗan Unguwar Rogo,
'yan tasha kuwa Lantana suke kira, ya amsa da rangwaɗa.
Zane ɗaure a ƙirji bisa singileti,
lalle har wuyan hannu, haɓa an kankare ta tas,
ƙamshin soyayyar kaza na bin sa kamar ɗan goyo.

Ya ajiye hamsin ɗinsa. Ya tsaya.
Idonsa na awo tsakanin hula da ɗankwali
kamar mai tsallaka titin Zariya da tire a ka.

Makon jiya ta hula ya shiga.
Kwandastoci uku suka tare bakin ƙofa,
ɗaya ya fizgi zanen, wai binciken kaya yake,
sauran na dariya har da dukan bango.
Su ne dai da azahar
ke layi gaban tukunyarsa: "Lantana, ƙaro romo."
Wancan makon kuwa ta ɗankwali ya bi.
Wata mai sayar da dankali ta fito da salati,
buta ta tashi sama, ta sauka a goshina.
Ga tabon nan. Ban ci nanin ba, nanin ta ci ni.

Ban ga laifinta ba, tsoro ba ya tsayawa tambayar suna.
Shi ma mara ce ta kawo shi,
mara kuwa ba ta san zane ba, ba ta san wando ba.

Muna haka sai ga Nanret daga gareji,
rigar aiki baƙa ƙirin da mai,
kai a aske, sifana na leƙe daga aljihu.
Ta nufi ɗankwali, wata yarinya ta ƙwala ihu: "Namiji!"
Nanret ta tsaya. Ta dubi Tambai, Tambai ya dube ta.
Ita ta fara dariya.
"Ko musaya za mu yi?"
"Ayya ƙawata, wandonki ina zai kai ni?"
Ta nuna wa yarinyar hudar kunnenta,
ta shige abinta, takalmin na barin sawun mai.

Shi ba shi da abin nunawa.
Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ba rangwaɗa ko kaɗan:
"Baba Jatau, tun asuba ban sha ruwa ba,
don kada in zo nan."

Ni ba malami ba ne.
Izu biyu na yi aka cire ni aka kai ni kiwo.
Abin da ke tsakanin Tambai da Mahaliccinsa
ba a ba ni ajiyarsa ba.
Butoci aka ba ni.

Can baya akwai wani ɗan ɗaki,
ma'ajiyar tsintsiya da maganin wari,
da rami ɗaya, nawa ni kaɗai.
Ƙofar langa-langa, ba hula, ba ɗankwali,
sai kwaɗo mai tsatsa.
Na ciro makulli daga wuyana, da ɗumin jikina a kansa.

Ya daɗe a ciki.
Da ya fito ya wanke hannu sau biyu,
ya tari ruwan indararo a tafinsa ya sha, ya ƙara.
Ya miƙo makullin, ya dubi langa-langar.
"To wannan me za ka zana mata?"

Na ce fenti ya yi tsada.
Na jawo buta ta gaba na cika.